Carl Schurz: Ɗan gudun hijirar Jamus da ya zama sanata a Amurka bai saki harshensa ba

A gabashin tsibirin Manhattan na birnin New York akwai wani wurin shaƙatawa mai suna Carl Schurz Park, kuma a cikinsa ne gidan magajin garin birnin yake. Mutumin da aka sa wa wurin sunansa ya sauka a Amurka a shekarar 1852 yana da shekara 23, hukumomin ƙasarsu na nemansa ruwa a jallo, shi kuwa Ingilishin da yake ji bai wuce kalmomi ƙalilan ba. Bayan shekara 17 sai ga shi a kujerar Majalisar Dattawa. Kafin nan ya riƙe muƙamin jakada da na janar na soja, daga baya kuma ya zama minista.

Rayuwarsa ta kasance fagen da al'adu biyu suka yi ta gwabzawa. Ya fito daga ƙasashen da ake girmama hukuma, da horo, da takardar shaidar ƙwarewa, ya faɗa cikin ƙasar da kowa ke ji da 'yancin kansa, ba a kuma son katsalandan ɗin gwamnati. Abin da ya dage a kai har ƙarshen rayuwarsa shi ne baƙo na iya zama cikakken ɗan ƙasa ba tare da ya zubar da harshensa da ɗabi'un gidansu ba. Sai dai akwai mutanen da shi kansa ya hana wannan dama lokacin da iko ya zo hannunsa.

Ɗan malamin ƙauye

An haifi Carl Schurz ranar 2 ga Maris 1829 a ƙauyen Liblar da ke kusa da birnin Kolon. Mahaifinsa malamin makaranta ne. A lokacin babu wata ƙasa guda mai suna Jamus. Masu magana da Jamusanci na warwatse ne a masarautu da birane masu cin gashin kansu kusan 40, manyansu su ne Ostiriya da Prusiya, kuma ƙauyen su Schurz yana ƙarƙashin Prusiya.

Masarauta ce mai tsari da tsanani. Ana tace jaridu kafin a buga su, taron siyasa sai da izini, kuma 'yan sanda na sa ido a kan ɗalibai da malamansu. A gefe guda kuma tana da makarantu masu inganci, da ma'aikatan gwamnati waɗanda ba sa samun aiki sai sun yi karatu sun ci jarrabawa. Schurz ya tashi yana ƙin zaluncin wannan tsari, amma ƙwarewar da ke cikinsa ta zauna masa a rai.

Ya shiga Jami'ar Bonn a 1847, inda ya shaƙu da wani farfesa kuma marubuci mai suna Gottfried Kinkel. A shekarar da ta biyo baya guguwar juyin juya hali ta taso a Turai. Jama'a suka fito suna neman tsarin mulki, da 'yancin faɗin albarkacin baki, da haɗewar Jamus. Malami da ɗalibinsa suka shiga gwagwarmayar, suna fitar da jarida, suna zagaya ƙauyuka suna yi wa manoma jawabi.

Tsira ta magudanar ruwa

Majalisar wakilan Jamusawa da ta zauna a Frankfurt ta miƙa wa sarkin Prusiya, Friedrich Wilhelm na Huɗu, kambin sarautar Jamus baki ɗaya a 1849, amma ya ƙi karɓa domin ba ya son sarautar da ta fito daga hannun talakawa. Daga nan bore ya ɓarke a kudu maso yammacin ƙasar, Schurz ya ɗauki bindiga. Sojojin Prusiya suka yi wa 'yan boren ƙawanya a garin Rastatt mai ganuwa, har suka miƙa wuya a watan Yuli 1849.

Da yake shi talakan sarkin Prusiya ne, kuma ya yaƙi sojojin sarkin, ya san harbi ne ke jiransa idan aka kama shi. Shi da abokansa biyu suka bi ta wata magudanar ruwa da ke ƙarƙashin ganuwar, suka tsallake kogin Rhine zuwa Faransa, daga can ya wuce Zurich ta ƙasar Suwizalan. Kinkel kuwa an kama shi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

A 1850 Schurz ya koma Prusiya a ɓoye da fasfo na wani. Ya shafe watanni yana neman hanya, har ya samu wani gandiroba a kurkukun Spandau da ke kusa da Berlin wanda ya yarda ya taimaka a kan kuɗi. A wani dare na watan Nuwamba aka zuro Kinkel da igiya daga saman ginin, suka gudu a keken doki zuwa gaɓar teku, jirgin ruwa ya kai su Sukotilan. Wannan kasada ta sa sunan matashin ya karaɗe duk inda ake jin Jamusanci, kuma sunan ya riga shi isa Amurka.

A Landan ya auri Margarethe Meyer, 'yar wani attajirin birnin Hamburg, a 1852. Da ya ga sarakunan Turai sun sake kafuwa daram, sai ma'auratan suka kama hanyar New York.

Ƙasar da ba a jiran gwamnati

Sun fara zama a Philadelphia. A can Schurz ya koyi Ingilishi ta hanyar karanta jarida kullum daga shafin farko har tallace-tallace, ƙamus na gefensa, sa'an nan ya koma kan littattafai. Cikin 'yan shekaru ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu jawabi da Ingilishi a ƙasar.

Abin da ya fi ba shi mamaki, kamar yadda wasiƙunsa na farko zuwa Turai suka nuna, shi ne yadda jama'a ke tafiyar da lamuransu ba tare da sun jira umarnin hukuma ba. Idan ana bukatar makaranta, ko coci, ko hanya, mutanen wurin ne ke haɗuwa su tara kuɗi su gina. A Prusiya irin wannan aiki sai wani jami'i ya tsara, wani ya sa hannu, wani ya duba. Ya fahimci cewa mutane na koyon mulkin kansu ne ta hanyar yinsa, har da kurakuran da ke ciki.

Ya kuma ga ɗaya fuskar. A ƙasar da ke alfahari da 'yanci akwai baƙaƙen fata miliyoyi da ake saye ana sayarwa a jihohin kudu. Ga wanda ya kusa rasa ransa saboda yaƙi da mulkin danniya, wannan abin kunya ne da ba zai iya kau da kai a kansa ba, kuma shi ne ya ja shi cikin siyasar Amurka.

Rikicin ranar Lahadi

Schurz ya zo ne a cikin ambaliyar baƙi. A shekarun 1850 kaɗai Jamusawa kusan miliyan ɗaya suka shiga Amurka, suka cika birane irin su Milwaukee, da Cincinnati, da St. Louis. Sun zo da jaridunsu, da ƙungiyoyin waƙa, da na motsa jiki, da masana'antun giya.

Babu abin da ya raba su da maƙwabtansu kamar ranar Lahadi. Ga Amurkawa 'yan Furotesta da suka gaji tsattsauran ra'ayin kakanninsu na Ingila, Lahadi rana ce ta coci da shiru: babu ciniki, babu kiɗa, babu wasa. Ga Bajamushe kuwa, ko daga Bavariya ya fito ko daga Ostiriya ko Suwizalan, rana ce da ake fita bayan ibada, miji da mata da yara, a zauna a lambu ana sauraron kiɗa, manya na shan giya. Ba'amurke na kallon wannan a matsayin keta alfarmar rana mai tsarki. Bajamushe kuma na kallon dokar hana shi a matsayin shisshigi cikin rayuwar iyalinsa, irin wanda ya gudo ya bari a gida.

Saɓanin ya kai ga zubar da jini. Jihar Maine ta haramta sayar da barasa a 1851, wasu jihohi suka bi sahu. Wata jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta taso tana neman a sa baƙo ya jira shekara 21 kafin ya zama ɗan ƙasa. A Chicago, magajin gari Levi Boone ya ƙara kuɗin lasisin sayar da giya daga dala 50 zuwa 300, ya kuma tilasta rufe mashaya ranar Lahadi, abin da ya jawo arangama tsakanin Jamusawa da 'yan sanda a watan Afrilu 1855. A watan Agusta na shekarar aka kai wa unguwannin Jamusawa da 'yan Ayalan hari a Louisville ranar zaɓe, mutane fiye da 20 suka mutu.

Lambun yara

A tsakiyar wannan hali ne iyalin Schurz suka koma Watertown, wani ƙaramin gari a jihar Wisconsin mai cike da Jamusawa. A can Margarethe ta yi abin da ya shiga rayuwar Amurkawa fiye da yawancin jawaban mijinta. Tun tana budurwa a Hamburg ta saurari darussan Friedrich Fröbel, malamin da ya ce ƙananan yara sun fi koyo ta hanyar wasa, da waƙa, da aikin hannu, ya kuma kira makarantarsa Kindergarten, wato lambun yara. Gwamnatin Prusiya ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851 bisa zargin suna yaɗa aƙidar bijirewa.

A 1856 Margarethe ta tara 'yarta Agathe da wasu yara ƙalilan na dangi da maƙwabta tana koyar da su da Jamusanci. Wannan ce ake ɗauka a matsayin makarantar irinta ta farko a Amurka. Wata malama 'yar Boston, Elizabeth Peabody, ta haɗu da ita a 1859, ta ga tarbiyyar Agathe, ta buɗe irin makarantar da Ingilishi a 1860. A 1873 birnin St. Louis ya shigar da tsarin cikin makarantun gwamnati. Har yau Amurkawa da kalmar Jamusancin suke kiran ajin farko na yaransu.

Tsakanin jam'iyya da 'yan uwa

Yawancin Jamusawan Amurka jam'iyyar Democrat suke zaɓa, domin ita ce ba ta taɓa giyarsu da Lahadinsu. Amma ita ce kuma jam'iyyar masu bayi. Sabuwar jam'iyyar Republican, wadda aka kafa a 1854 don hana bauta yaɗuwa, tana cike da masu son haramta barasa da tsofaffin masu ƙyamar baƙi. Aikin da Schurz ya ɗaukar wa kansa biyu ne: ya shawo kan Jamusawa cewa bauta ta fi giya muhimmanci, ya kuma shawo kan 'yan Republican su ƙyale baƙi da al'adunsu.

A watan Afrilu 1859 ya tsaya a zauren Faneuil na birnin Boston, cibiyar tsofaffin iyalan Amurka, ya yi jawabi a kan wani gyaran doka da zai hana sababbin 'yan ƙasa jefa ƙuri'a har tsawon shekara biyu. Hujjarsa ita ce Amurka an gina ta ne a kan aƙidar daidaito, saboda haka wanda ya rungumi aƙidar ya zama nata, ko a ina aka binne cibiyarsa. Jihar Massachusetts ta amince da gyaran duk da haka. Amma a babban taron jam'iyyar na 1860 a Chicago, yana cikin waɗanda suka sa aka rubuta cewa jam'iyyar ba za ta tauye haƙƙin baƙi ba.

Ya zagaya jihohi yana yi wa Abraham Lincoln kamfe da harsuna biyu. Da Lincoln ya ci zaɓe sai ya naɗa shi jakada a Sifaniya a 1861. Wanda aka kora daga Turai yana ɗan tawaye ya koma mata yana wakiltar wata ƙasa, shekara tara kacal bayan fitarsa.

Bai jima ba ya roƙi a bar shi ya dawo ya shiga yaƙin basasa, aka ba shi muƙamin birgediya janar a 1862, daga baya manjo janar. Kimanin mutane 200,000 haifaffun Jamus ne suka yi wa Arewa yaƙi. A watan Mayu 1863, a fagen Chancellorsville, dakarun Kudu ƙarƙashin Janar Stonewall Jackson suka yi wa rundunar da Schurz ke ciki kwanton ɓauna ta gefe, ta watse. Shi ya riga ya gargaɗi shugaban rundunar, Janar Oliver Howard, cewa gefen a buɗe yake, ba a saurare shi ba. Amma jaridun Ingilishi suka ɗora laifin a kan Jamusawa, suka ce matsorata ne. Wannan zargi ya yi wa al'ummar ciwo ƙwarai: sun ba da jininsu, amma da zarar abu ya ɓaci sai aka tuna cewa baƙi ne.

Hira da Bismarck

Bayan yaƙin ya koma aikin jarida, ya zama edita kuma mai hannun jari a Westliche Post, jaridar Jamusanci ta St. Louis. A can ne wani matashi ɗan Hungari mai suna Joseph Pulitzer ya fara aikin ɗauko rahoto.

A farkon 1868 ya ziyarci Berlin, inda Otto von Bismarck, shugaban gwamnatin Prusiya, ya gayyace shi. Bismarck ya san sarai cewa baƙon nasa shi ne ya sace Kinkel daga Spandau, amma ya karɓe shi hannu bibbiyu. A yadda Schurz ya ba da labarin a tarihin rayuwarsa, Bismarck ya nemi sanin yadda al'umma za ta zauna lafiya a inda gwamnati ba ta da ƙarfi, mutane kuma ba sa tsoron hukuma. Schurz ya nuna masa cewa Amurkawa ba za su zama masu dogaro da kai ba da a ce a bakin kowane kududdufi an ajiye ɗan sanda yana hana mutane faɗawa. Bismarck ya yi dariya.

A Berlin, ke nan, Schurz lauyan Amurka ne. Da ya koma Washington kuwa sai ya zama mai tuna wa Amurkawa abin da Jamus ta fi su.

Ganima ko cancanta

A 1869 jihar Missouri ta tura shi Majalisar Dattawa, Bajamushe na farko da ya kai wannan matsayi. Abin da ya tarar shi ne tsarin raba ganima. Duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta kori ma'aikata, tun daga shugaban gidan waya na ƙauye har jami'in kwastan, ta cike guraben da magoya bayanta, su kuma su riƙa ba jam'iyyar wani kaso na albashinsu. Amurkawa da yawa na ganin hakan shi ne dimokuraɗiyya: kowane ɗan ƙasa zai iya riƙe kowane aiki, kuma bai kamata a samu wani rukuni na dindindin da ya mallake ofisoshi ba. Schurz, wanda ya san ma'aikatan Prusiya masu shiga aiki ta jarrabawa, yana ganin hanya ce ta ɓarna da cin hanci. Ya gabatar da ƙudurin doka don a riƙa ɗaukar ma'aikata bisa cancanta, amma bai wuce ba.

Ya ɓata da Shugaba Ulysses Grant, ɗan jam'iyyarsu, a kan wannan da kuma yunƙurin mallake Santo Domingo. A 1872, da ya nemi a binciki yadda makaman gwamnatin Amurka suka faɗa hannun Faransa lokacin yaƙinta da Jamus, abokan hamayya suka yi masa shaguɓe cewa zuciyarsa na can ƙasar haihuwarsa. Ya mayar da martani a zauren majalisa cewa shi ma yana tare da Amurka ko tana kan daidai ko ta kauce, amma abin da hakan ke nufi a wurinsa shi ne a riƙe ta a kan daidai, idan kuma ta kauce a dawo da ita hanya.

Matarsa Margarethe ta mutu a 1876, kwanaki kaɗan bayan haihuwa. A shekara ta gaba Shugaba Rutherford Hayes ya naɗa shi sakataren harkokin cikin gida, ma'aikatar da a Amurka ke kula da filayen gwamnati, da dazuzzuka, da al'amuran ƙabilun asali na ƙasar. Nan take ya kafa jarrabawar ɗaukar aiki da ƙarin girma, ya hana korar ma'aikaci sai da dalili. Dokar da ta shimfiɗa wannan tsari a gwamnatin tarayya ba ta zo ba sai 1883, bayan wani mai neman muƙami da bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield a 1881.

Haka ya sha da batun daji. A ƙasashen Jamus tun farkon ƙarni na 19 akwai makarantun koyar da ilimin gandun daji, irin ta Tharandt a Saksoniya, kuma ƙa'idar ita ce kada a sare fiye da abin da zai sake tsirowa. A Amurka kuwa ana ganin daji ba ya ƙarewa, kamfanonin katako na sarar itatuwa a filayen gwamnati ba tare da biyan ko sisi ba. Schurz ya tura jami'ai su kama masu satar, ya nemi a keɓe dazuzzuka. 'Yan majalisa, ciki har da Sanata James Blaine, suka yi masa ca, suna cewa ya kwaso salon mulkin Prusiya zai ɗora wa ƙasar 'yantattu. Majalisa ta yi watsi da shawarwarinsa. Sai a 1891 aka yi dokar keɓe dazuzzuka, kuma a lokacin wani masanin daji haifaffen Prusiya, Bernhard Fernow, shi ke shugabantar sashen gandun daji na gwamnatin tarayya.

Inda ma'auninsa ya karkace

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 1865 Shugaba Andrew Johnson ya aiki Schurz ya zagaya jihohin Kudu da aka ci da yaƙi. Rahotonsa ya bayyana irin kisa da azabar da ake yi wa bayin da aka 'yanta, ya kuma ba da shawarar a ba su ƙuri'a domin su kare kansu. Amma cikin shekara shida ya sauya. Ya goyi bayan a yi wa tsofaffin 'yan tawaye afuwa, ya ƙi dokar 1871 da ta ba gwamnatin tarayya ikon murƙushe ƙungiyar Ku Klux Klan, yana tsoron kada gwamnatin tsakiya ta yi ƙarfi irin na Turai. Gwamnatin da ya yi wa minista ce ta janye kariyar soja daga Kudu a 1877, baƙaƙen fata suka shiga ƙangin wariya na kusan shekara 90.

Batun ƙabilun asali ya fi wannan fitowa fili. Ya tsaftace ofishin da ke kula da su daga 'yan rashawa, ya kuma hana a miƙa ofishin ga sojoji. Amma a farkon zamansa minista ne aka tilasta wa ƙabilar Ponca barin ƙasarta da ke bakin kogin Niobrara zuwa yankin da ake kira Oklahoma a yau, inda cuta da yunwa suka kashe da yawa daga cikinsu. Da shugabansu, Standing Bear, ya koma gida don binne ɗansa, sai aka kama shi. A 1879 wani alƙali a Omaha ya yanke hukuncin cewa ɗan ƙabilar asali mutum ne a idon doka, ya sake shi. Schurz ya amince an zalunci Ponca, amma ya ƙi yarda a mayar da ƙabilar ƙasarta.

A wannan shekarar ce kuma, da goyon bayansa, aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pennsylvania. A irin waɗannan makarantu ana raba yara da iyayensu, a aske musu gashi, a sauya musu suna, a hana su magana da harshensu. Mutumin da ke kare haƙƙin Bajamushe ya yi wa ɗansa magana da Jamusanci shi ne ya ga dacewar a raba ɗan ƙabilar Lakota da harshen uwarsa, alhali Lakota ba baƙi ba ne a ƙasar. A ganinsa al'adar Jamus dukiya ce da za ta ƙara wa Amurka, ta ƙabilun asali kuwa cikas ce da ya kamata a kawar.

Harshe biyu, ƙasa ɗaya

Daga 1881 ya koma New York, ya ci gaba da aikin jarida da rubutu, ya shugabanci ƙungiyar masu neman gyaran aikin gwamnati. Bai sake zama ɗan amshin shatan wata jam'iyya ba. Bayan yaƙin Amurka da Sifaniya a 1898 ya haɗa kai da marubuci Mark Twain da attajiri Andrew Carnegie wajen adawa da mamaye Filifin, yana cewa jamhuriyar da ta fara mulkin mallaka za ta ci amanar aƙidarta. Ko a nan, wani ɓangare na hujjarsa shi ne mutanen ƙasashe masu zafi ba za su dace da tsarin Amurka ba.

Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Schurz ya yarda da rabin wannan magana. Yana gaya wa Jamusawa su koyi Ingilishi sosai, su shiga siyasa a matsayin Amurkawa, kada su kafa jam'iyyar Jamusawa zalla. Amma a 1897, a bikin cika shekara 50 na ƙungiyar mawaƙan Jamusawa ta New York, ya ja hankalinsu cewa yaron da ya tashi da harshe biyu ya fi mai ɗaya arziki, kuma barin Jamusanci ba ya ƙara wa kowa kishin Amurka. A gidansa da Jamusanci ake magana. Da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa, kashin da ya shafi ƙuruciyarsa a Turai da Jamusanci ya rubuta shi, na shekarun Amurka kuma da Ingilishi.

Ya mutu a New York ranar 14 ga Mayu 1906 yana da shekara 77, aka binne shi a maƙabartar Sleepy Hollow.

Duniyar da ya bari ba ta daɗe ba. Da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, aka cire Jamusanci daga makarantu da yawa, jaridun harshen suka yi ta rufewa, iyalai suka sauya sunayensu. A 1918 gwamnan jihar Iowa ya hana amfani da kowane harshe in ba Ingilishi ba a bainar jama'a, har a wayar tarho. A 1920 dokar haramta barasa ta fara aiki a faɗin ƙasar, lambunan ranar Lahadi suka mutu. A yau Amurkawa fiye da miliyan 40 ne ke danganta asalinsu da Jamus, amma kaɗan ne daga cikinsu ke jin harshen.

Hujjar Schurz ta samu gindin zama a kotu bayan mutuwarsa. Wani malami a jihar Nebraska, Robert Meyer, an hukunta shi saboda ya koya wa yaro ɗan shekara 10 karatu da Jamusanci. A 1923 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, ta ce iyaye na da haƙƙin a koya wa 'ya'yansu harshen da suke so. Bayan shekara huɗu kotun ta dogara da wannan hukunci wajen kare makarantun Japanawa a Hawaii. Ƙabilun asali kuwa sai a 1990, shekara 84 bayan mutuwar Schurz, Majalisar Amurka ta yi dokar da ta amince da haƙƙinsu na amfani da harsunansu da koyar da su ga 'ya'yansu.